Tagwayen Kalmomin Turanci: Yadda Suka Iso Ajin 'Ya'yanmu a Tamale

 Ga bayanin da muka gabatar a filinmu na tarihi, mun zuba shi a takarda domin wanda bai samu saurare ba, da wanda ya saurara amma yana so ɗansa ya sake karanta masa a tsanake.

Maganarmu a kan wasu kalmomin Turanci ce waɗanda kunne ke jin su iri ɗaya, alhali rubutunsu daban, ma'anarsu ma daban. Bari mu kira su tagwayen kalmomi. Ga misali daga cikin sana'arku: "herd" garke ne, "heard" kuwa an ji magana ke nan. Bature ɗan Landan kansa ba ya bambanta su a baki. A bakin mutanen Ghana kuma sai ta uku ta shigo, wato "head", kai, wadda da ita ake ƙidayar shanu a takarda. A ce malami a Sakasaka ko Aboabo ya yi wa 'yan aji huɗu shifta, ya ce da Turanci an ji garke mai kai hamsin ya wuce. Sauti ɗaya ne zai shiga kunnen yaro har sau uku, kuma ana so ya rubuta shi iri uku.

Wani zai ce wannan ai lamarin yara ne. To, yaron nan fa shi ne gobe zai karanta muku takardar kwastan, da saƙon kuɗi a waya, da rubutun jikin kwalbar maganin dabbobi. Shi ya sa ya kamata mu san inda wannan ruɗani ya samo asali, da yadda ya biyo hanya har ya iso Tamale.

Alƙalami ya riga Bature zuwa

Kada ku yarda a ce muku karatu da rubutu sun fara ne da zuwan Turawa. Tun ƙarnonin baya ayarin Hausawa ke sauka a Salaga, ƙasar Gwanja, suna kawo tufafi da kanwa da dabbobi, suna komawa da goro. Tare da ayari malamai ke tafiya, da allo da tawada. Ana rubuta wasiƙa da lissafin bashi da Larabci ko da Hausar ajami. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete-Krachi, inda ya koyar, ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausa har ya rasu a 1934.

Waɗannan malamai sun san matsalar tagwaye tun kafin su ji kalmar Turanci ko ɗaya. Larabci yana da haruffan da bakin Balarabe ke rabawa, bakinmu kuwa yana haɗe su. Akwai ha fiye da ɗaya, akwai masu kama da sin, akwai masu kama da zai. Ku dubi "ƙalb", zuciya, da "kalb", kare: harafi ɗaya ne tsakaninsu. Me malaman allo suka yi? Sai suka raɗa wa kowane harafi suna da Hausa, gwargwadon siffarsa: ha ƙarami, ha babba, ha kuri, ta kuri, kaf lasan, ƙaf wau. Inda kunne ya gaza, sai aka kira ido ya taimaka. Ku riƙe wannan dabara, za mu dawo kanta.

Layin da aka ja a takarda

Me ya sa ɗan Paga ke fama da Turancin Ingila, ɗan'uwansa na Dakola, tafiyar ƙafa kaɗan, yana fama da Faransanci? Amsar tana cikin yarjejeniyoyi biyu. A 1898 Ingila da Faransa suka shata iyakar arewa, wadda a yau ta raba Ghana da Burkina Faso. A 1899 kuma Ingila da Jamus suka raba ƙasar da ke gabas, har suka tsaga Dagbon gida biyu: Yendi, fadar Ya Na, ta faɗa hannun Jamus, Tamale da Salaga suka faɗa hannun Ingila. Sai a 1914 Ingila ta karɓe Yendi, kuma ƙuri'ar 1956 ce ta tabbatar da wannan yanki cikin ƙasar da ta zama Ghana ranar 6 ga Maris, 1957. Ba a tambayi ko Ardo ɗaya ba, ba a tambayi madugu ba. Amma layin nan shi ya yanke harshen da jikokinsu za su rubuta jarrabawa da shi.

Da farko hedikwatar Turawa ta arewa tana Gambaga, a 1907 aka dawo da ita Tamale. A shekarar ce kuma fadocin Katolika da suka gangaro daga Wagadugu suka buɗe makaranta a Navrongo. A 1909 gwamnati ta buɗe tata makarantar ta farko a nan Tamale. Abin sha'awa, a wannan shekara ta 1909 ce Hanns Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Sai dai hanyoyin biyu sun bambanta. A Kano an kafa boko a kan Hausa, har aka kai ga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. A nan kuwa, duk da cewa Hausa ce harshen bariki na soja da 'yan sanda, kuma ita ce harshen zango da kasuwa, ba ta samu kujerar zama a aji ba.

Makarantun ma ba su yi yawa ba. Turawa sun ɗauki arewa a matsayin rumbun 'yan ƙwadago, masu zuwa kudu haƙar zinariya da aikin gonakin koko. Kwalejin horar da malamai ta Bagabaga sai a 1944 aka buɗe ta. Sakandaren gwamnati ta farko a duk arewa, wadda muke kira Tamasco, sai a 1951. Kun ga ke nan, iyalai da yawa a cikinmu yanzu ne suke da mutum na farko ko na biyu da ya zauna a ajin boko. Idan ɗanku ya ruɗe tsakanin "week" da "weak", mako da rauni, ba daƙiƙanci ba ne. Ba shi da kakan da zai tambaya, shi ke nan.

Daga ina tagwayen suka fito?

Bature bai zauna ya ƙirƙiro su don ya wahalar da 'ya'yanmu ba. Tarihi ne ya haife su, ta hanyoyi uku.

Ta farko, baƙi. A 1066 mayaƙan Normandi daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu shekaru aru-aru. Kalmomin Faransanci da na Latin suka kwararo cikin Turanci, wasu suka yi karo da 'yan gida. "Sell", sayarwa, 'yar gida ce. "Cell", ɗakin kurkuku, baƙuwa ce mai tushen Latin. Haka "sent", an aika, da "cent", ɗan ƙaramin kuɗi.

Ta biyu, baki ya yi gaba, rubutu ya tsaya. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila. Daga nan rubutu ya fara daskarewa, domin abin da aka buga dubu ba ya sauyuwa da sauƙi. A daidai wannan zamani kuwa, tsakanin wajen 1400 zuwa 1700, furucin wasulan Turanci yana ta gocewa. A da "meat", nama, da "meet", haɗuwa, kowanne da sautinsa. Sannu a hankali suka narke suka zama ɗaya a baki, rubutu ya ci gaba da nuna tsohon bambanci. Haka wasu baƙaƙe suka mutu a baki amma gawarsu na nan a takarda. A da ana furta k ɗin da ke farkon "know", sani, da w ɗin da ke farkon "write", rubutu. Da aka daina, sai "know" ta zama tagwayen "no", a'a, "write" kuma ta zama tagwayen "right", dama ko daidai.

Ta uku, kalma ɗaya ta rabu biyu. "Flour", garin alkama, da "flower", fure, asalinsu kalma guda ce, domin ana ɗaukar lallausan gari a matsayin furen hatsi, wato mafi kyawunsa. Ko a ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ba a raba su ba. Ku lura da abin dariya: da Hausa ta aro su, sai ta sake haɗe su. Fulawar burodi fulawa ce, fulawar da ake shukawa a ƙofar ofis ma fulawa ce.

Daga baya Amurka ta ƙara nata gishirin. Noah Webster ya fitar da ƙamus ɗinsa a 1828, Amurkawa suka bi nasu tsarin rubutu. Takardar banki a Ghana "cheque" ce, irin ta Ingila, dubawa kuma "check". A Amurka duka biyun "check" ne. Tayar mota a nan "tyre" ce, a can "tire", wadda kuma ke nufin gajiya. Wayoyi da yawa da ke hannun yaranmu rubutun Amurka suke bi, malami a aji kuma na Ingila yake so.

Tushen matsalar dai shi ne, Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai wajen 44. Wasulansa a rubuce biyar ne, a baki kuwa kusan ashirin. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo, sai tagwan wasali ai da au. Saboda haka ban da tagwayen da aka haifa a Ingila, akwai waɗanda aka haifa a bakinmu. "Sheep", tunkiya, da "ship", jirgin ruwa, daban suke a Landan, a nan kusan ɗaya ne. Bahaushe kan haɗa "pull" da "full", ja da cika, domin p da f gida ɗaya suke a Hausa. Yakan haɗa "ban" da "van", hani da motar kaya. A Ghana kuma "three" da "tree", uku da bishiya, sukan fito iri ɗaya.

Da wane harshe za a fara?

Shekara ɗari ke nan ana jan wannan igiya. A 1925 Gwamna Gordon Guggisberg ya fitar da manufofinsa na ilimi, ciki har da cewa a fara koyar da yaro da harshen gida, Turanci ya biyo baya. A 1951, da shirin gaggauta ilimi na zamanin Kwame Nkrumah, aka rage harshen gida zuwa shekarar farko kaɗai. Daga 1957 zuwa 1966 Turanci ne tun daga aji ɗaya. A shekarun 1970 aka dawo da harshen gida a azuzuwa uku na farko. A 2002, zamanin Shugaba Kufuor, aka sake komawa Turanci zalla, a 2007 aka sake sassautawa. A shekarar karatu ta 2009 zuwa 2010 aka shigo da shirin NALAP, mai koyar da ƙananan yara da harsunan Ghana 11, daga arewa akwai Dagbani da Gwanja da Dagare da Kasem. A watan Oktoba na 2025 kuma Ministan Ilimi Haruna Iddrisu, ɗan majalisar Tamale ta Kudu, ya ba da umarnin a koyar da harshen gida, ma'aikatarsa ta fayyace cewa daga ajin reno ne zuwa aji uku na firamare.

Ga inda abin ya shafe ku kai tsaye: a cikin harsunan nan 11 babu Hausa, babu Fulatanci, ko da yake gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana karanta labarai da Hausa. Ku lissafa nauyin da ke kan ɗan makiyayi a kewayen Tamale. Fulatanci a ruga, Hausa a kasuwar shanu, Dagbani a aji da wurin wasa, Larabci a makarantar allo, Turanci a takardar jarrabawa. Harsuna biyar, yaro bai kai shekara goma ba. In malami ya ce "herd" daban "heard" daban, ya fassara da Dagbani, wani yaron sai ya sake fassarawa a ransa kafin ya gane.

An yi ƙoƙarin cike giɓin ta hanyoyi daban-daban. Makarantun Islamiyya na Tamale, irin su Anbariyya da Afa Ajura ya kafa, sun nuna cewa ana iya tsara karatun addini aji-aji. A 1987 gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi, makarantun da ke haɗa Ingilishi da Arabiyya suka samu malaman gwamnati, iyaye da yawa da ke tsoron boko suka saki jiki. A 1995 kuma ƙungiyar School for Life ta fara aiki a arewa da tallafin mutanen Danmak: wata tara na karatu da harshen gida, da rana bayan an dawo daga gona ko kiwo, ga yara 'yan shekara 8 zuwa 14, daga nan su shiga makarantar gwamnati. Hikimar ita ce, wanda ya iya karatu da harshen da yake mafarki da shi, ya riga ya san cewa rubutu ma'ana yake ɗauka, ba amo kawai ba. Kuma da ma'ana ake raba tagwaye.

Mu ma muna da namu

Kafin mu yi wa Bature dariya, mu leƙa gidanmu. Tamu matsalar juyin tasa ce. Shi sauti ɗaya rubutu biyu, mu rubutu ɗaya sauti biyu, domin boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala, kuka na hawaye da kuka ta miya, fari na launi da fari na rashin ruwan sama. Ba wanda ya taɓa ruɗewa in an ce masa fari ya kashe shanu bana, domin sauran maganar ta nuna wanne ake nufi.

A Hausar zangunan Ghana ma akwai ƙari. Da yawanmu ba ma furta haruffa masu ƙugiya, sai baki da baƙi su zama ɗaya, kafa da ƙafa su zama ɗaya. Bakano na ji zai gane mun haɗe, mu kuwa muna fahimtar juna sarai.

Na ƙetare ma ba su tsira ba. Ɗan da ke karatu a Po ko Dapaong yana fama da "cent", "sang" da "sans", wato ɗari, jini da babu, duk sauti ɗaya. "Peau", fata, da "pot", tukunya, haka. "Vin", giya, da "vingt", ashirin, haka. Mai fatauci tsakanin sidi da sefa, tagwaye na jiransa ta kowace ƙofa.

Inda harafi ɗaya ke cin kuɗi

A ce kun sayar da bijimai bashi, aka rubuta takarda. In an rubuta cewa mai saye ya biya "the sum", ya biya jimlar kuɗin ke nan. In "some" aka rubuta, wani abu kawai ya bayar daga ciki. Da baki ba za ku ji bambanci ba, a gaban alƙali kuwa takarda ce za ta yi magana. A ce malamin dabbobi ya turo saƙo a waya: "weight" nauyin dabba ne, wanda da shi ake auna yawan allura, "wait" kuwa a dakata ne, kamar kwanakin da ake jira kafin a sha nono ko a yanka bayan magani. "Two" biyu ne, "too" ya yi yawa. "Whole" duka, "hole" rami. "Fare" kuɗin mota, "fair" adalci. "Brake" birki, "break" karyewa. Ga kuma 13 da 30, 15 da 50, waɗanda a waya ko cikin hayaniyar kasuwa kusan ba a raba su da Turanci. Shi ya sa banki ke so a rubuta kuɗi sau biyu, da lamba da kalmomi. Ku ma ku riƙa yin haka a kowace takardar ciniki.

Kada kuma a dogara da waya. Tana ja wa kalma layi ne in babu ita a ƙamus. "Sale" da "sail", ciniki da tafiyar jirgin ruwa, duka suna ƙamus, saboda haka sau da yawa sai ta bar kuskuren ya wuce. Mai duba jarrabawar BECE, wadda ake yi tun 1990, shi ba zai bari ya wuce ba, kuma Turanci na cikin darussan da ke yanke sakandaren da yaro zai samu.

Abin da za ku iya yi ko ba ku yi boko ba

Na farko, ku ari dabarar malaman allo: a ba kowace kalma shaida. Makiyayi na da farare biyu masu kama ɗaya, amma ya san wannan da ƙahonta, waccan da tsagar kunnenta. Kalmomin ma haka suke. A cikin "heard" akwai "ear", kunne, da kunne ake ji, wadda babu kunne a cikinta ita ce garke. A cikin "meat" akwai "eat", ci, nama ake ci. "Two" tana da t da w kamar 'yan'uwanta "twelve", "twenty" da "twin", sha biyu, ashirin da ɗan tagwaye, duk dangin biyu ne.

Na biyu, in yaro ya dawo da jerin kalmomi, kada ku bar shi yana rera su kamar waƙa. Ku ce ya faɗa muku ma'anar kowacce da Hausa, ko Fulatanci, ko Dagbani, sannan ya sa ta cikin magana a kan abin da ya sani: shanu, masara, mota, kasuwa. In ya kasa fassarawa, bai gane ba tukuna, ko da ya rubuta daidai. Wannan jarrabawa ce da uwa ko kaka za ta iya yi tana tsefe auduga ko tana dama fura.

Na uku, ku ba shi takardun gaske ya karanta muku: rasit, takardar rigakafin dabbobi, saƙon kuɗi, rubutun buhun taki. In ya yi tuntuɓe, ya kai wa malaminsa kalmar washegari. Kuma kada a yi masa dariya, kada a bar wani ya yi masa, don ya faɗi kalma da harshen gidansu.

Na huɗu, 'ya'ya mata su shiga cikin wannan. Mai tallan nono da wagashi ita ma tana karɓar kuɗi ta waya, ita ma saƙon da Turanci yake zuwar mata.

Na biyar, in lokacin tashi da dabbobi ya yi, ku duba ko akwai hanyar barin ɗan makaranta wurin dangi ya ƙarasa zangon karatu. Tagwayen kalmomi da yawan gani ake sanin su, kamar yadda ake sanin hanya da yawan bi, yaron da ya yi wata uku ba ya ganin allo sai ya koma baya.

Masu son ƙarin bayani, ko masu wasu tagwayen da suka taɓa ba su wahala a kasuwa ko a bakin iyaka, da Turanci ko da Faransanci, ku aiko mana, za mu karanta su a fili na gaba tare da ma'anarsu.